Kakakin Masu Sirri

Ran nan a ajin ƙarshe muna tattauna irin aikin da kowa yake so in ya gama makaranta, sai wani yaro ɗan unguwarmu Nasarawa ya miƙe ya ce shi sojan ruwa zai zama. Aji ya kece da dariya, wai ina shi ina teku, mutumin da iyakar ruwansa Gulbin Rima, sai ko Matan Fada ranar su a Argungu. Na tsawata musu, na ce aikin sojan ruwa ba tuƙa jirgi kaɗai ba ne. Akwai wanda ya sa farin kakin nan shekara 25, amma da baki da alƙalami aka san shi. Na yi musu alkawarin zan rubuto labarinsa, to ga shi.

Sunan mutumin Bill Harlow, Ba'amurke ne. Ya kai muƙamin Kyaftin, wanda a sojan ruwa daidai yake da Kanar a sojan ƙasa. Galibin aikinsa na hulɗa da 'yan jarida ne, har ya taɓa aiki a ofishin watsa labarai na fadar shugaban ƙasarsu. A 1997 ya zama kakakin hukumar leƙen asiri ta Amurka, watau CIA, ya riƙe har 2004.

Ku dubi kalmar nan kakaki. Asalinta doguwar ƙahon nan ce da ake busa wa sarakuna, wadda in ta yi ƙara gari duka ya ji. To, yaya za a yi gidan da sana'arsa ɓoye magana ya ajiye mai busa? Dalili shi ne, hukumar da kuɗin talakawa take ci, 'yan jarida kuwa ba su fasa tambaya. Tilas a sami mai amsa waya. Sai dai an ɗaure shi ta gefe biyu. In ya yi ƙarya aka gane, ba mai sake yarda da shi. In kuma ya faɗi abin da doka ta rufe, ya yi laifi. Abin da ya same shi a 2003 zai nuna muku wuyar wannan ɗauri, kuma a maƙwabtanmu abin ya faro, nan Nijar, da muke shiga ta Kamba mu ɓulla Gaya.

Allah ya hore wa Nijar ma'adinin yuraniyom a wajen Arlit, wanda ake yin wutar lantarki da shi, ake kuma iya sarrafa shi a yi bam na nukiliya. Sai wasu takardu suka ɓulla suna cewa wai Nijar ta yi cinikin tan 500 da Iraki ta Saddam Husaini. A watan Fabrairu 2002 CIA ta aiki wani tsohon jakada, Joseph Wilson, zuwa Yamai ya bincika. Ya yi kwana takwas yana shan shayi da manyan ƙasar, ya koma ya ce da wuya a yi irin wannan ciniki, domin kuwa haƙar ma'adinin tana ƙarƙashin idon kamfanin Faransa. Duk da haka, ran 28 ga Janairu 2003 Shugaba George Bush ya gaya wa majalisarsu cewa gwamnatin Ingila ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Ran 7 ga Maris shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Muhammad El-Baradei, ya bayyana cewa takardun na jabu ne. Jabun ma ba na gwani ba: wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin waje Allele Habibou, alhali mutumin ya bar kujerar tun 1989. Da an tambayi wani tsohon akawu a Dosso, da ya faɗa musu. Kafin watan nan ya ƙare an auka wa Iraki da yaƙi.

Ran 6 ga Yuli Wilson ya rubuta a jarida abin da ya gani a Nijar. Wannan ya ɓata wa manya rai. Sai wani babban jami'in gwamnati ya tsegunta wa wani ɗan jarida, Robert Novak, cewa matar Wilson, Valerie Plame, a CIA take aiki. Novak ya buga wa Harlow waya yana neman tabbaci.

Nan fa ake yin ta. Matar nan ma'aikaciyar ɓoye ce, kuma kasancewarta haka shi kansa sirri ne da doka ta rufe. In Harlow ya ce, kada ka buga, 'yar ɓoye ce, to da bakinsa ya tona ta. In ya ce bai san ta ba, ya yi ƙarya. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya yi shi ne ya roƙi Novak kada ya ambaci sunanta, bai faɗi ainihin dalilin ba. Ran 14 ga Yuli sunan ya fito a jarida, aikin ɓoyen matar ya lalace ke nan. Daga baya Harlow ya ce ya yi gargaɗi iyakar yadda doka ta yardar masa, shi kuwa Novak ya ce ba a nuna masa akwai hatsari ba. Ni a ganina kowannensu yana iya zama da gaskiyarsa, gama wanda aka hana wa kiran sunan maciji, in ya ce a yi hankali da igiya, ba kowa zai ja da baya ba. Bincike ya biyo baya, har a 2007 kotu ta sami Lewis Libby, na hannun daman mataimakin shugaban ƙasa, da laifin yi wa masu bincike ƙarya.

Da Harlow ya bar aiki sai ya kama rubutu gadan-gadan. Shi ya taya tsohon maigidansa George Tenet rubuta littafin tarihin aikinsa, wanda ya fito a 2007, haka kuma ya taya Jose Rodriguez a 2012 da Michael Morell a 2015. Littafin Rodriguez kare irin matsar da aka yi wa fursunoni wajen tambaya yake yi, abin da rahoton majalisar dattijan Amurka na Disamba 2014 ya yi tir da shi. Saboda haka in irin waɗannan littattafai suka shigo hannunku, ku karanta, akwai ilmi a ciki, amma ku tuna 'yan gida ne ke ba da labarin gidansu. Bugu da ƙari, tsohon ma'aikacin CIA ba ya buga littafi kan aikinsa sai hukumar ta duba ta soke abin da take ganin sirri ne. Watau ko bayan ritaya linzamin yana nan.

Mu ma a nan muna da irin wannan kujera, tun da aka raba tsohuwar hukumar tsaro ta NSO gida uku a 1986, ɓangaren cikin gida ya zama wanda kuke ji ana kira DSS. Wataƙila wani a cikinku ya zauna kanta wata rana. Don haka ga aikin gida: kowa ya ɗauka shi ne Harlow, waya tana kunnensa, ya rubuto mini cikin layi biyar abin da zai gaya wa Novak, ba ƙarya, ba tonon asiri. Ɗan Nasarawa mai son teku shi zai fara karanta nasa ranar Laraba.