Yadda Ake Yi wa Bindigar Hawan Sallah Sabuwar Ƙota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro a birnin Katsina ranar Sallah ya san ƙarar nan da ke tashi idan 'yan bindigar Sarki suka ɗaga baki sama suka saki albarushi, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki suka riƙa zabura. Bindigogin tsofaffi ne, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, kuma ƙarfensu yakan wuce daga kaka zuwa jika. Abin da ke mutuwa shi ne katakon. Gara ta ci shi a ɗaki, ko ya tsage a wuya, wato siririn wurin nan da hannu ke kamawa a bayan kunama. Daga nan sai a nemi masassaƙi.

Kafin a taɓa komai, mai aikin zai zura sandar ɗuri cikin bututun, ya sa alama da yatsa, ya zaro ya gwada tsawon ta waje. In sandar ba ta kai ƙarshe ba, akwai tsohon ɗuri a ciki, kuma aiki ya tsaya sai mai bindigar ya zo. Albarushi yakan shekara a ɓoye bai mutu ba. Dattijon da na fi zama wurinsa a cikin birni ba ya karɓar rantsuwar kowa a kan wannan. Ko ka ce masa, "Baba, ai babu komai a ciki," sai ya ce, "To, ɗana, bari sanda ta faɗa mana."

Sai a kwance zobban da suka riƙe bututu, a cire kunama da 'yan ƙarafunanta a zuba a ƙwarya. Tsohuwar ƙotar ba a yar da ita, domin da ita za a zana sabuwa.

Itace kuwa, maɗaci aka fi so: yana da ƙarfi, yana karɓar sassaƙa, ga shi ja mai kyau idan ya sha mai. Ƙirya ta fi shi tauri, amma nauyinta zai gajiyar da mutumin da zai wuni a ƙasa yana bin ayarin Sarki daga filin Idi zuwa Gidan Korau, wato fadar Sarki. Dole itacen ya bushe sarai a inuwa. Ɗanye zai karkace bayan an gama, ya ja bututun gefe. Kuma jijiyar katakon ta bi tsawon wuya, kada ta gitta shi, in ba haka ba inda tsohuwar ta karye nan sabuwar za ta karye. Fitar da siffa da zarto da gizago, wannan kowane almajirin masassaƙi zai iya.

Inda ake gane gwani shi ne kwancin bututu. Ana so ƙarfe ya kwanta cikin katako tun daga gindi har gaba, babu inda ya rataya, babu inda ya matse. Ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙarfe, saboda haka sai a kunna fitilar aci-balbal, a riƙa wucewa da ƙasan bututun a kan harshen wutar har kunkunniya ta rufe shi. A kwantar da shi a ramin da aka soma fafewa, a danna a hankali, a ɗaga. Duk inda baƙi ya fito a jikin katako, nan ne ya yi tudu. Wurin kaɗai za a kankare da ƙaramin kurfi, ɗan abin da bai fi kaurin ɓawon albasa ba. A sake turara ƙarfe, a sake dannawa, a sake kankarewa. Da fari tabo biyu ko uku za ka gani. Sannu a hankali su yawaita, su haɗe, har ramin ya yi baƙi gaba ɗaya. A nan masu gaggawa ke ɓata aiki, domin katakon da ka cire ba ya komawa. Wanda ya zarce sai ya cusa tsumma ko ƙyallen fata ya rufe giɓin, bindiga ta yi kyau a ido, amma duk bugu sai bututun ya motsa ya daki katako, kafin Sallah biyu tsaga ta bayyana. Gindin bututun, inda duk ƙarfin bugun ke sauka, shi ya fi bukatar haƙuri. Dattijon nan yakan bar shi sai da safe, lokacin da hannu bai gaji ba.

Ba kowa ke karɓar wannan aiki yanzu ba, kuma ina ganin dalilinsu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe har irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba, ga kuma halin da ɓarayin daji suka jefa ƙauyukan jihar Katsina, wanda ya sa aka sha dakatar da hawan kansa. Masassaƙin kirki sai ya san mai bindiga, ya san gidansu da mai unguwarsu, kuma katako kaɗai yake taɓawa. Abin da ke damuna shi ne samarin da za su gaji wannan hannu sun yi ƙaranci, suna gudun a yi musu mummunar fahimta.

Idan kwanci ya yi, sauran mai sauƙi ne. A fafe gurbin kunama, a mayar da zobba, a sa mai bindigar ya ɗora ta a kafaɗa a rage gindin daidai tsawon hannunsa. A bi da magagari, sannan sanfefa, sannan man kaɗanya da tafin hannu, a bari ya sha a ƙara. Daga nan ta tafi wurin baduku ya naɗe wuyan da jar fata, ya ɗinka maratayi, wani ma ya sa a ɗaura masa layar da ya ciro daga tsohuwar ƙotar. A gida kuma rataye ta ake yi a bango, nesa da ƙasa, saboda gara.