Darasin Kiwon Lafiya: Shayi, Albasa da Jinin Jikinmu

'Yan'uwa, duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal ta Boɗinga da Shagari zai ga abin da mutanenmu suke ci: dawa, gero, wake, albasa, zoɓo, goro da shayi. Waɗannan duka suna ɗauke da wasu sinadarai da masana suke kira folifenol. Su ne suke ba zoɓo jansa, su ne kuma suke ba goro da shayi baurinsu. Darasinmu na yau shi ne: ina waɗannan sinadarai suke zuwa bayan mun haɗiye su?

Tafiyarsu cikin jiki

Ba duk abin da ya shiga ciki ne yake kaiwa ga jini ba. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na folifenol ne kawai ƙaramin hanji yake tsotsewa. Sauran yakan wuce zuwa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke farfasa shi, sa'an nan jiki ya ɗauki wani kaso. Abin da ya shiga jini, hanta takan sauya masa kama, ƙoda kuma ta fitar da mafi yawansa cikin fitsari kafin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka cin kaɗan kullum ya fi cin mai yawa jefi-jefi.

Albasa tana cikin waɗanda jiki ya fi karɓa. A 1995 masu bincike a ƙasar Holand sun gano cewa hanji yana tsotse kusan rabin folifenol ɗinta mai suna kwasetin. Ya fi yawa a ɓawon farko-farko, don haka kada mu ɓare ta da yawa. Jan launin zoɓo kuwa, ɗan kaɗan ne yake shiga jini yadda yake.

Inda hatsarin yake

Wani nau'in folifenol mai suna tanin, wanda yake cikin shayi da wasu irin jar dawa, yakan kama sinadarin ƙarfe na cikin hatsi da wake da ganye, ya hana hanji tsotsarsa. Da wannan sinadari ne jiki yake yin jini. Tun 1975 bincike a Afirka ta Kudu ya nuna cewa shan shayi tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki yake samu da fiye da rabi. Ga mace mai ciki da ƙaramin yaro, wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama ƙarancin jini yakan kawo kasala, jiri, da wahala wajen haihuwa.

Abin da za mu yi

1. Mu bar aƙalla sa'a ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi.
2. Kada mai ciki ta haɗiyi maganin ƙarin jini da shayi. Ruwa ya isa.
3. Mu haɗa tuwo da wake da lemon tsami, tumatir ko gwaiba, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ɗaukar ƙarfe.
4. Mu riƙe al'adar iyayenmu ta surfa dawa da jiƙa ta har ta yi tsami, gama hakan yana rage tanin.

Rigakafi ya fi magani. Bari mu kai wannan darasi ga iyalanmu da maƙwabtanmu.