Yadda Ake Zaɓen Fitilar da Za Ta Fito da Launin Murjani a Tankin Gilashi

Murjanin da ake kiwo a tankin ruwan gishiri dabba ne mai rai, ko da yake yana manne da dutse ba ya motsawa. A cikin namansa akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Su ne ke amfani da haske su haɗa abinci, su ba shi kaso mafi tsoka. Saboda haka fitilar da ka rataya a saman tanki ita ce hanyar cinsa, ita ce kuma ke fito da launinsa ko ta dusashe shi. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Fara sanin murjanin da za ka ajiye

Kada ka sayi fitila sai ka yanke shawarar abin da za ta haska. Ana auna hasken da murjani ke amfana da shi da ma'aunin PAR, kuma kowane rukuni da buƙatarsa. Masu taushin jiki, irin su Zoanthus da masu kama da laima, sukan wadatu da PAR 50 zuwa 150. Masu ƙashi da manyan bakuna, kamar Euphyllia, sun fi jin daɗi tsakanin 75 da 150. Masu ƙashi da ƙananan bakuna, wato su Acropora da Montipora, su ne masu cin haske, suna neman 200 zuwa 350. Mai farawa ya soma da rukunin farko, domin sun fi haƙuri da kuskure.

Mataki na 2: Fahimci launin hasken

A teku, ruwa yakan shanye jan haske tun daga 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa. Da shi murjani ya saba. Ƙwayoyin da ke jikinsa sun fi amfani da hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 500, daga shunayya zuwa shuɗi. Wannan hasken ne kuma ke tayar da sinadaran da ke sa shi ƙyalli. Ka kunna shuɗi zalla da yamma ka duba Zoanthus: a wasu nau'o'insa, bakin kowane fure zai yi kore shar, tsakiyarsa ruwan lemo, kamar an kunna wuta a cikinsa. Don haka shuɗi ya zama ginshiƙi, a ƙara fari daidai gwargwado don kifi da dutse su fito da kamanninsu.

Mataki na 3: Kwatanta fitilu ukun da aka fi amfani da su

Metal halayid ita ce tsohuwar hannu. Ƙwanta yakan zo da wat 150, 250 ko 400, haskenta na kaiwa ƙasan tanki mai zurfi, yana kuma wasa a kan yashi idan ruwa ya kaɗa. Acropora na girma da kyau a ƙarƙashinta. Illarta ita ce shan wuta da zafi, ga sauya ƙwai kusan kowace shekara. Tunda murjani na son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, wanda ke zaune a gari mai zafi sai ya haɗa da na'urar sanyaya ruwa.

T5 dogayen ƙwayaye ne da ake jerawa, huɗu, shida ko takwas. Mai wat 24 na dacewa da tanki mai tsawon santimita 60, mai 39 da 90, mai 54 da 120. Amfaninta babba shi ne haske na bazuwa ko'ina daidai, har ƙarƙashin rassan murjani yakan samu. Launi kuwa kai ke haɗa shi ta hanyar gauraya shuɗayen ƙwayaye da farare. Su ma ƙarfinsu na raguwa, ana sauya su bayan wata tara zuwa shekara.

LED ita ce ta mamaye kasuwa yanzu, da samfura irin su Radion da Kessil da Hydra. Ba ta zuba zafi a ruwa sosai, tana shekaru ba a sauya komai ba, kana kuma iya daidaita ƙarfinta da launinta daga waya. Sai dai tana da tsada a farko, kuma haskenta yakan taru wuri guda, gefen murjanin da ke inuwa ya koɗe. Wannan ne ya sa wasu ke haɗa LED a tsakiya da T5 a gefe biyu. Ga mai dogaro da sola ko batir, LED ce ta fi sauƙin ɗauka.

Mataki na 4: Rataya, sannan ka auna

Ido ba ya auna haske. Shuɗi yakan yi mana kamar mara ƙarfi alhali yana ƙona murjani. Nemi na'urar auna PAR, ko ta aro ce, ka sa ta a saman dutse, a tsakiya, da kan yashi, ka rubuta abin da ka samu. Masu cin haske su hau sama, masu taushi su sauka ƙasa. Idan tsakiya ta yi ƙarfi gefe ya yi duhu, ɗaga fitilar sama kaɗan.

Mataki na 5: Saba masa a hankali

Sabuwar fitila ko sabon murjani, ka fara da kusan rabin ƙarfin da kake nufi, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan cikin sati uku zuwa huɗu. Sa agogo mai kunnawa da kashewa, haske ya yi awa takwas zuwa goma kullum a lokaci guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na 6: Karanta jikin murjanin

Idan ya soma fari daga sama, ko ya ƙi buɗewa da rana, haske ko zafi ya yi yawa, sai ka rage nan take. Idan ya koma ruwan ƙasa, ko dai hasken ya gaza ko datti ya taru a ruwa. Kafin ka ɗora wa fitila laifi, gwada ruwan: gishiri ya kasance giram 35 a kowace lita, kalsiyam kuwa tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita. Ka kuma riƙa goge gishirin da ke bushewa a gilashin fitila, domin yana tare haske.

Duk cikin fitilu ukun nan babu wadda ba ta raya murjani mai kyau ba. Zaɓi wadda aljihunka da wutar gidanka za su iya ɗauka na shekaru, ka daidaita ta, sannan ka cire hannu. Murjani na ɗaukar makonni kafin ya nuna ko sauyi ya karɓe shi, saboda haka ka ba kowane gyara wata guda kafin ka sake taɓa wani abu.