Darasi: Hanyar da Saƙo Yake Bi Kafin Waya Ta Yi Ƙara

A yau da yawa daga cikinmu ta WhatsApp ko Messenger muke aika labarin haihuwa, na rashin lafiya, har da na rasuwa. Idan amsa ta yi jinkiri, sai zuciya ta soma zargi. Ya kamata mu san hanyar da saƙo yake bi kafin mu yanke wa ɗan'uwa hukunci.

Tafiyar Saƙo

Saƙo ba ya tashi kai tsaye daga wayarmu zuwa ta wanda muka rubuta wa. Yakan fara sauka a manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda suke aiki kamar gidan waya. In wayar mai karɓa tana kashe, ko kuwa data ta ƙare masa, WhatsApp yana ajiye saƙon har kwana 30. Bayan haka, in ba a kai shi ba, sai a share.

To, me yake sa waya ta yi ƙara alhali manhajar tana rufe? Da kowace manhaja za ta zauna dare da rana tana sauraron kamfaninta, da batir bai daɗe ba. Saboda haka wayar tana barin ƙofa guda a buɗe domin ɗan aike ɗaya. Apple ya kafa nasa a 2009. Na Google, wanda yake yi wa yawancin wayoyin Android hidima, tun 2016 ake kiransa Firebase Cloud Messaging. Kamfanin hira yakan sanar da wannan ɗan aike, shi kuma ya ta da wayar, sa'an nan sanarwa ta bayyana. Tun 2016 kuma saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, ɗan aiken ba ya iya karanta su.

Inda Sanarwa Take Maƙalewa

Saƙo yana iya isa ba tare da an ji ƙara ba. Waɗansu wayoyi, domin tattalin batir, sukan tsayar da manhajar da ba a buɗe ba, sai sanarwa ta makara. Daga Android 13, wanda ya fito a 2022, sabuwar manhaja ba ta nuna sanarwa sai mai waya ya ba ta izini. Mutum kuma yana iya sa wani zaure ya yi shiru na awa 8, ko mako guda, ko kullum.

Alamun da muke gani a WhatsApp suna da iyaka. Alama ɗaya tana nufin saƙo ya bar hannunmu. Biyu masu launin toka, ya shiga wayarsa, amma ba lalle ya gani ba. Biyu shuɗɗa, an buɗe shi. Wannan ma mai waya yana iya kashe ta.

Abin da Za Mu Riƙe

Na farko, labarin gaggawa a buga waya, a ji murya. Kada mu jingina ran majinyaci a kan alama biyu. Na biyu, mu taimaki iyayenmu da dattawa su duba izinin sanarwa a wayoyinsu. Na uku, mu kashe ƙara lokacin sujada ba tare da fargaba ba, gama saƙo zai jira mu. Game da wanda bai amsa mana ba kuwa, Hausawa sun ce zato zunubi ne. Mu tambaye shi tukuna.