Ku Sa Ido A Kan Ruwan Garinku

Ya ku masu gida, a wannan darasi za mu yi magana a kan tafki da rafi da rijiyar da kuke sha, da yadda ku da 'ya'yanku na makaranta za ku riƙa duba su da kanku. Malamin duba-gari mutum ɗaya ne, ƙauyukan da ke hannunsa kuwa suna da yawa. In ya zo yau, mai yiwuwa sai bayan watanni ya komo. Ruwa kuwa a kwana ɗaya yake ɓaci.

Dattawanku sun san kurkunu. A ƙirgen da aka yi a 1988, an sami mutum fiye da dubu 650 da ita a Nijeriya. Takan kwantar da manomi daidai lokacin shuka. Babu allura, babu ƙwaya da ke maganinta. To, yaya aka yi ta tafi? An zaɓi mutane a ƙauyuka, 'yan sa kai, aka ba su littafi. Suna zaga gidaje suna rubuta wanda ta kama, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki. Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta bin ƙauyuka saboda wannan aiki. Mutum na ƙarshe da ta kama a Nijeriya a 2008 ne, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. A Chadi kam ba ta ƙare ba tukuna, har karnuka tana kamawa.

Kurkunu ta tafi, amma tsargiya tana nan, amai da gudawa ma duk damina suna yi mana ɓarna. Waɗansu suna cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne. Ga yadda take yaɗuwa. Mai tsargiya ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsa ya fita tare da fitsarin, ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa. Bayan 'yan makonni tsutsotsi su fito, ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu. Yaro ya shiga iyo, ko mace ta tsaya wanki, sai su huda fata su shige. Watau ba sai an sha ruwan ba. Da tsakar rana suka fi fitowa, lokacin da yara suka fi son wanka.

Saboda haka sai mai unguwa ya tara jama'a, a zaɓi mutum uku ko huɗu. Lalle a sa mace a ciki, don mata da 'yan mata su suka fi sanin halin ruwa. Malamin makaranta ya riƙe littafi, ya fita da manyan 'yan aji sau ɗaya a mako, rana ɗaya tsayayya.

In an je tafki, kada yaro ya shiga ruwa, kada ya taɓa katantanwa da hannu. A ɗaura rariya a bakin doguwar gora, a tsaya a gefe a yaso ƙarƙashin ganyen bado da cikin ciyawa. A ƙirga abin da aka samu, a rubuta. Sa'an nan a ɗebi ruwa a farar kwalba, a ɗaga ta wajen haske. A duba ko ya yi gurɓi, ko yana wari, ko akwai 'yan ƙwari masu tsalle-tsalle a ciki. Amma ku lura, ruwa yakan yi garau alhali yana ɗauke da cuta. Don haka duban kewayen ruwa ya fi duban kwalba muhimmanci. Akwai kashi a gaɓa? Shanu suna shiga inda mutane ke ɗiba?

A rijiya kuma, a auna tsakaninta da masai mafi kusa. Kada ya gaza ƙafa 100, watau kamar mita 30. A duba ko bakinta ya tsage, ko ruwan sama yana gangarawa ciki, ko ana yar da guga a ƙasa. Gugan da ya kwana cikin taɓo shi kaɗai ya isa ya ɓata rijiyar unguwa.

Malam ya riƙa tambayar yara a asirce, ba gaban 'yan'uwansu ba, ko akwai mai ganin jini a fitsari. Akwai magani, ƙwaya ce, ana rabawa a makarantu. Amma wanda ya sha ya koma tafkin nan, za ta sake kama shi.

Ƙarshen wata a kai littafin wurin mai unguwa, shi kuma ya nuna wa ma'aikacin lafiya. In an ga gidaje biyu ko uku masu ɗiba wuri ɗaya sun kama gudawa lokaci guda, kada a jira ƙarshen wata, a aika asibiti ran nan. Kafin a zo, uwargida ta tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ta zuba a tulu mai murfi, ta ware masa moɗa ɗaya wadda ba ta taɓa ƙasa.