Darasi na 18: Barden da Ya Ɓoye Sunansa

Kowane yaro yana da sunan yanka, wanda aka raɗa masa ran suna. Amma sau da yawa laƙabi yakan danne sunan yanka, kuma kowane laƙabi da mafarinsa. Wanda aka haifa ran Juma'a a ce masa Ɗanjuma. Sarkin Kano Alu, wanda ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, ana ce masa Mai Sango saboda makamin da ya yi fice da shi.

Yau za mu bi sawun wani suna da muke ji a nan Kamaru. A Yawunde akwai babbar makaranta da ake kira Lycée Général Leclerc. To, wane ne Leclerc? Ina ya samo wannan suna?

Sunansa na yanka Philippe, sunan gidansu de Hauteclocque. An haife shi a 1902 a lardin Picardie, arewacin Faransa. Ya yi makarantar soja ta Saint-Cyr, sannan ya shiga makarantar barade ta Saumur, inda ake koyar da yaƙi bisa doki. A 1936 ya faɗo daga kan doki ya karye a ƙafa. Tun daga nan ba ya rabuwa da sanda.

A 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Sau biyu ana kama Philippe, sau biyu yana kuɓuta. Ya bi ta Sifen da Fotugal har ya isa Landan. Ran 25 ga Yuli ya gana da Janar de Gaulle, shugaban Faransawan da suka ƙi miƙa wuya.

Amma akwai abin da ya dame shi. Ya baro matarsa da 'ya'ya shida a Faransa. In aka ji sunan Hauteclocque a rediyo, abokan gaba za su iya huce haushinsu a kan iyalinsa, domin masu wannan suna kaɗan ne, gano su ba wuya. Sai ya zaɓi Leclerc, sunan da gidaje da yawa suke da shi a lardinsu. Kamar dai mutum ya zo Garwa ya ce yana neman Malam Buba. Wane daga ciki?

Kalmar kuwa kashi biyu ce: « le » da « clerc ». A Faransancin da, « clerc » shi ne mai ilmi, wanda ya iya karatu da rubutu. Ku lura, ba a furta harafin c na ƙarshe.

A Kamaru ne wannan suna ya fara tashe. Daren 26 ga Agusta 1940, Leclerc da mutane wajen ashirin suka taso daga Tiko cikin kwalekwale, suka sauka Duwala. Washegari garin ya koma bayan de Gaulle. A watan Disamba aka tura shi Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Wani kashi na kayan rundunarsa ta arewacin ƙasarmu ya bi: jirage su hauro Binuwai zuwa Garwa lokacin cikar ruwa, motoci su kwasa zuwa Cadi.

Ga shi barde, amma da motoci ya ratsa Sahara. Ran 1 ga Maris 1941 ya ƙwace Kufra, a ƙasar Libiya, daga hannun Italiya. Mutanensa wajen 400 ne, kusan 300 daga cikinsu 'yan Afirka. Daga baya ya jagoranci rundunar tankokin yaƙi, wadda ta shiga Paris a watan Agusta 1944. Sai dai tun a 1943 an cire sojoji baƙar fata daga wannan runduna. Saboda haka yawancin waɗanda suka sha ƙishirwar Sahara tare da shi ba su ga wannan rana ba.

Da yaƙi ya ƙare, ba sauran dalilin ɓuya. Amma duniya ta riga ta san shi da Leclerc. A 1945 hukuma ta yarje masa ya haɗa sunayen biyu, ya zama Leclerc de Hauteclocque. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a Aljeriya ran 28 ga Nuwamba 1947.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Sunan da wannan barde ya ara don kare iyalinsa, shi ya bi shi har kabari. Sojojinmu kuwa da suka yi yaƙin, ba kasafai ake ganin sunayensu bisa ƙofar makaranta ba. A bakin tsofaffi za mu same su, in mun tambaya.

Ma'anar kalmomi
laƙabi: le surnom
sunan yanka: le prénom
barde, barade: le cavalier, la cavalerie
runduna: l'armée
linzami: le mors

Tambayoyi
1. Mene ne ainihin sunan Janar Leclerc?
2. Don me ya sake suna? Me ya sa ya zaɓi sunan da mutane da yawa suke da shi?
3. Ta wace hanya kayan yaƙi suka bi ta Garwa?
4. Su wane ne suka fi yawa a rundunar da ta ci Kufra?

Aikin gida
Ku tambayi kakanninku ko akwai wani a unguwarku da ya yi soja a zamanin Faransa. Ku rubuto sunansa na yanka, da laƙabinsa, da mafarin laƙabin. Gobe kowa zai karanta nasa a aji.