Araha, gwanjo da talaka: wace kalma ce ke cin fuska?

Wani mai sauraronmu daga Kalgo a Jihar Kebbi yana tambaya: shin raini ne a ce wa kaya masu araha, ko a kira mai saye talaka?

To Malam, araha dai ba zagi ba ce, farashi kawai take nufi. Karin maganar nan ta "araha ba ta ado" ce ta shafa mata kashin kaji. Gwanjo kuwa tufafi ne da aka riga aka sa. Mota ko babur da aka yi amfani da su a Turai sai a ce Beljiyam ko ɗan Kwatano, saboda tashar jiragen ruwan Kwatano a Jamhuriyar Benin, wadda Kebbi ke iyaka da ita. Abin sha'awa, a wurin masu saye Beljiyam yabo ne, don sukan fifita shi a kan sabon ɗan Chaina. Kalmar da ɗan kasuwa ba ya yafewa ita ce jabu.

Talaka fa? A tsarin masarautu irin Gwandu, duk wanda ba ya riƙe da sarauta kuma ba jinin sarauta ba talaka ne, ko da attajiri ne. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta mayar da sunan abin alfahari. Yau dai ya karkata ga rashin abin hannu, shi ya sa 'yan jarida suka fi cewa masu ƙaramin ƙarfi.

A kasuwa kuwa, Malam, kira mai saye abokin ciniki kawai.